Wutar da ta tashi daga bayan dangata

A shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama ne rumbuna bakwai suka ƙone a ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Roni da Gwiwa. Damina ba ta yi kyau ba. Ɗan geron da aka samu kowa ya zuba shi a rumbu yana lallaɓawa, sai ga shi cikin yini ɗaya ya koma gawayi. Ni na tayar da wutar nan, ba da niyya ba, kuma sai da na yi shekara tara kafin bakina ya iya faɗa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini gafaka uku cike da takardu, wasu na karatu, wasu waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da ajami. Gara ta shiga ɗaya ta cinye ta, har ba a iya haɗa layi da layi. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a zubar da ita a juji. Haka aka koya mana: ko a binne, ko a ƙona a wuri mai tsarki a rufe tokar. Bayan azahar na haƙa ɗan rami a bayan dangata, na zuba su, na kunna. Ina tsaye a kai ina salati sai wata 'yar guguwa ta ɗebi guntaye biyu ko uku da wutarsu, ta kai su kan karan da aka jingine kusa da rumbuna. Na bi da gudu na tattake abin da na gani. Na ɗauka ta mutu. Na rufe ramin, na shiga ɗaki na kishingiɗa. Ihun mata ne ya tashe ni.

A yammacin rumbunan akwai rugar wani Bafulatani da ya saba sauka a gonakinmu bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Yakan hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori ƙuda daga jikin shanu, kowa ya san da wannan. Tun wutar ba ta gama ci ba wani ya ce, "Daga ruga ne." Kafin la'asar maganar ta zama ta kowa. Ina cikin masu ɗauko ruwa, na ji da kunnena, na yi shiru. Rumbun surukina na cikin waɗanda suka ƙone. Na ce a raina bari hankali ya kwanta, gobe zan faɗa. Washegari aka zauna a ƙofar gidan mai gari, aka yanke cewa Bafulatanin ya ba da shanu goma sha biyu, ya kuma tashi daga ƙasarmu. Da yake ni ne limamin ƙauyen, ni aka ce in yi addu'ar tashi daga zaman. Na yi.

A rana ta uku ɗan kawuna ya iso a kan tsohon babur ɗinsa ƙirar basfa.

Ya girme ni da shekara huɗu, kuma taubashina ne, don haka tun muna yara ba ma ragar wa juna. Ya shiga aikin kwana-kwana a birni tun kafin a sami mulkin kai, yana cikin masu jan mesa. Da Turawa suka tafi ya yi ta hawa, har ya zama shi ne shugaban 'yan kwana-kwana na birnin gaba ɗaya. Mun taɓa zuwa muka gan shi da hular ƙarfe yana ba da umarni, jajayen motoci a jere, kawu sai murmushi yake don murna. Abin da ya raba shi da aikin, wata gobara ce da ta ci layin rumfuna a wata kasuwa. Ya bincika ya rubuta cewa daga gangunan fetur ta tashi, waɗanda wani babban ɗan kasuwa ya ɓoye a shagonsa. Aka dawo masa da takardar aka ce ya gyara, ya ce daga rishon wani mai shayi ne. Ya ƙi. Wani ya sa hannu a madadinsa, aka ɗaure mai shayin. Sai ya ajiye hular a kan tebur ya dawo Kazaure, ya kama ɗaki. Tun daga nan ba shi da aiki sai bin kotuna da ofisoshi a madadin waɗanda ba su da kowa. Bai karanta shari'a ba. Jaka ce kawai gare shi cike da takardun mutane, da naci.

Da ya zo bai fara gaida kowa ba. Wurin gobarar ya wuce. Daga ƙofar zaure ina hango shi yana tsugunawa, yana shafa duwatsun da aka ɗora rumbunan a kai, yana kankare dirkoki da farce. Ya taka har ruga, ya dawo yana ƙirga taku. Ya shiga wajen mai gari. Sai da rana ta yi sama ya iso gidana.

"Bawana, kawo wa ubangidanka ruwa."

"Ubangidan da ya bar jar mota ya koma tura basfa? Ai kai ne abin a ba sadaka."

Bai yi dariya ba. Ya sha ruwan, ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan tabarma tsakaninmu. Guntun takarda ne, gefensa a ƙone, da rabin layi na jan tawada.

"Hannun Malam mahaifinka ne wannan," in ji shi. "Da shi ya koya mini baƙi. A gindin karan can na tsince ta."

Na ce kome na iya tashi a iska.

"Haka ne. Ranar nan iska daga gabas take, ruga kuwa tana yamma. Dirkokin duk ta gefen gabas suka fi ci. Tsakanin ruga da rumbuna akwai ciyawa taku talatin da ko baƙi ba ta yi ba. A bayan dangarka kuma akwai sabuwar ƙasa."

Na daɗe ina kallon takardar. Na ce, "Za ka faɗa?"

"Na gaya wa mai gari ba daga ruga ba ce. Ya ce to daga ina? Ni toka na gani, ban ga hannu ba. In na kira sunanka ka ce a'a, wa za a gaskata, ni da ake ce wa korarre, ko kai da kake jan su salla? Ga gwaggo mahaifiyarka kuma da ranta, ba zan kai mata wannan da bakina ba. Kai za ka faɗa."

Ban faɗa ba. Ya tafi Kazaure ya shigar da ƙara, aka ce masa yanzu ba ya cikin kaki, ya kawo shaida mai ido. Kafin nan an raba shanun, wasu an sayar an sayi hatsi. Bafulatanin ya kora ragowar ya yi kudu. Shekarar da ta biyo aka yi babban fari, kowa ya shiga neman abin da zai sa a baki, aka manta da zancen.

Shi bai manta ba. Duk zuwan da zai yi, bayan mun gama tsokanar juna, in ya tashi tafiya sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan basfa ya ce, "Yau ne?" In ce, "Tukuna." Sai ya tayar da ita ya tafi.

Kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka shimfiɗa kwalta, samari suka tafi birni leburanci suka dawo da rediyo. Aikinsa ya ƙaru. Ga manoman da hanya ta bi ta gonakinsu, ga makiyayan da aka nome musu burtali, har da wani bakanike Kirista mutumin kudu da aka rushe wa rumfa. Mafi yawan ƙararrakin nan faɗuwa yake yi. A ofis akan bar shi a kan benci tun safe har a tashi. Tsofaffin yaransa na kwana-kwana in sun gan shi sai su sauya hanya. Takardun gona na da, waɗanda aka rubuta da ajami, ni yake kawo wa in karanta masa. Sai in zauna ina fito da haƙƙin wani daga tsohuwar takarda, shi kuma yana rubutawa bai ɗago kai ba. Nakan tashi da niyya da asuba, in na shiga masallaci na ga fuskar surukina sai in fasa. Na yi azumin nafila, na yi istigfari ba adadi, alhali na san ba can matsalar take ba.

Bayan rasuwar mahaifiyata da wata biyu, na sallame sallar la'asar na juyo na ce jama'a su dakata. Na faɗi kome, tun daga gafakar har zuwa ramin. Na shirya wa zagi, na shirya wa a ce in sauka daga limanci.

Surukina ya ce, "Malam, ƙaddara ce. Allah ya kiyaye gaba."

Wani daga baya ya ce, "Shanun dai mun cinye su a fari. Ko so kake mu amayo su?" Aka yi 'yar dariya, aka fara neman takalma. Da magariba ta yi suka tura ni gaba kamar kullum.

Ɗan kawuna ya rubuta maganata, na sa hannu, ya kai Kazaure. Aka ce ba a ga takardun ƙarar ba, kuma wanda aka zalunta bai zo da kansa ba. Sai ya shiga nemansa kasuwa-kasuwa. Wata bakwai yana yi. Wata safiya ya zo ya ce, "Hau. Yana Babura."

A kasuwar shanu muka same shi, yana riƙe wa dillalai igiya. Ba shi da ko saniya ɗaya. Waɗanda suka rage masa ba su kai ƙarshen farin ba, domin manyan shanun da za su jure tafiya su aka zaɓe a ƙofar gidan mai gari. Ya gane ni tun daga nesa, ya kira ni yadda Fulani ke kiran malami.

"Modibbo, kai ne? Ina mutanen gida?"

Na durƙusa a gabansa cikin kashin shanu na faɗa masa. Ya saurara har na gama, yana naɗe igiya a gwiwar hannu.

"Na sani," ya ce. "Uwar 'ya'yana ta kai nono gidanku ran nan, ta ga hayaƙi a bayan dangarka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Matar ruga ta ga hayaƙi a gidan liman?"

Na ce ina da gona biyu da tumaki huɗu, ya ɗauki abin da ya ga dama. Ya girgiza kai, ya ce bai iya noma ba, kuma ya tsufa da koyo. Sa'an nan ya ce abu ɗaya yake so. 'Ya'yansa maza uku sun tashi da cewa sakacin ubansu ne ya cinye musu gado. Uwarsu ta rasu, tasa maganar kuwa ba sa ji. Babban ya tafi kudu ba a san inda yake ba. Biyu suna nan cikin kasuwar suna dako.

Ɗan kawuna ya je ya kirawo su. Suka zo da gammo a hannu, suka tsaya nesa da uban. Na maimaita musu a tsaye, da ƙarfi, dillalai suna ji. Ɗan kawuna ya ƙara musu da zancen iska da dirkoki, a hankali, kamar mai ba da rahoto a gaban manya. Ƙaramin ya dubi ubansa ya sunkuyar da kai. Ɗayan ya ce, "To yanzu me za mu yi da wannan?"

Tsohon ya miƙo mini hannu ya ce, "Shi ke nan, Modibbo. Tsakanina da kai babu saura. Na yafe." Wani dillali ya ƙwala masa kira, ya ja igiyarsa ya tafi.