Ranar da Kusa Suka Kusa Kashe wa Inna Kasuwa

Shekarun baya, bayan sojoji sun sauka daga mulki, lokacin da kowa ke tsoron Ebola, wasu likitoci suka zo Filinge daga Yamai. Ɓeraye suke nema da rai, wato kusa, jam'in kusu, kamar yadda muke ce musu. Shugabarsu, wata mace mai sanyin magana, ta ce dabba na iya ɗaukar ƙwayar cuta ba tare da ta kwanta ba, shi ya sa suke son dubawa. A wurin aikinsu ma, in ji ta, da ɓeraye ake gwada magani.

Ni aka ɗauka tafinta, kuma kaina ya kumbura. Da aka tambayi gidan da za a fara, ban ko shawarci kowa ba na ce namu.

Mahaifiyata fura take sayarwa, da ita ta rene mu. Maƙwabta suka ga mutane da safar hannu da takunkumi suna fitowa daga rumbunta da ɓeraye cikin keji. Kafin la'asar labari ya zaga gari: geron Inna na da cuta.

Kasuwa biyu tana dawowa da ƙwaryarta cike. Ba ta zage ni ba. Ta dai ce, "Kai da boko naka, mi na yi maka?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da kunya na gaya wa likitar. Sai ta tambayi ranar kasuwa.

Ran Lahadi ta zo kasuwa ba takunkumi, ta tsuguna gaban ƙwaryar, ta gaishe da Inna.

"Inna, a dama mini."

"Ɗiyata, ba ki ji abin da ake hwaɗi ba?"

"Na ji. Kusu muke bincike, ba hurarki ba. Ki sa nono da yawa."

Ta shanye a idon jama'a, ta nemi ƙari. Wani dattijo mai sayar da igiya ya matso ya ce in dai lokotoro, wato likita, ta sha, shi ma a zuba masa. Kafin azahar ƙwarya ta koma gida wayam.

Tun ranar ban ƙara miƙa abin wani don a ce na waye ba. Matar nan kuwa ko lambarta ba ni da ita. Amma har Inna ta rasu, in ta idar da salla, sai ta sa ta cikin addu'a kafin ni.