Baba Isufu na Gonar Wadi Faɗima

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 21 ga Rabi'ul Awwal 1446, Allah Ya karɓi ran Baba Isufu, mutumin Tasawa, bayan ya shekara ashirin da shida yana kula da gonarmu a Wadi Faɗima, kusa da Makka.

Baba, aikin Hajji ya kawo ka, ka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, mahaifinmu ya ɗauke ka aiki. Ni da aka haifa a unguwar Rusaifa ta Makka, a bakinka na gyara Hausata. Duk shekara idan zafi ya fara sauka, ciyawar barsim ta yi fure, malam-buɗe-littafi kan cika gonar. Ka ƙi yin feshi saboda su. Na tuna ranar da 'yata Rim ta kama ɗaya, ka durƙusa ka buɗe mata hannu a hankali har ya tashi.

A irin wannan lokaci iska ta yaye kwanon rumfar awaki. Ka faɗa wa yayana Abdulƙadir katakon ya ruɓe, a sayi sabo. Ya ce ka hau haka nan. Da hantsi ka faɗo.

Yaya ya hana a kira motar asibiti, wai za a tambayi takardunka, laifi ya dawo kanmu. Aka kwantar da kai a gindin dabino, aka sa sauran ma'aikata suka ƙarasa rufin. Kana jin ƙarar gudumarsu har la'asar. Ina wurin, ina kallo.

Ni na kai ka asibiti. A ƙofa na ce a bakin titi na tsince ka, ban san ka ba. Ka ji ni. Ka dube ni, ka ce wa ma'aikacin asibitin, “Gaskiya ya faɗa.” Kafin magariba ka cika.

Inna Hure, kin tambaye ni a ɗakinki na unguwar Hindawiyya ko mijinki ya sha wahala, na ce a'a. Ƙarya na yi miki. Ya sha, kuma a hannunmu.

Allah Ya jiƙan Baba Isufu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hure da 'ya'yansa na Tasawa haƙuri. Mu kuwa, ban san da wane baki zan roƙa mana ba.

Marwan, Rusaifa