Tukunyar Wankan Gwaggo

Ƙanwata tana aure a Kalgo, da ta yi haihuwar fari aka kawo ta gida Gwandu wankan jego. Gwaggonmu ce ke yi mata, yadda ta yi wa kowace mace a gidanmu: a tafasa ruwa, a tsoma ganyen darbejiya, a fyaɗa a jiki.

Sai ga abin mamaki. Da ƙafarta za ta shiga makewayi, a fito da ita a rirriƙe, idon hagu yana ganin hazo. In jiki ya huce ta ɗan miƙe. Washegari ma haka.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ko kaza ta cika kallona sai na nemi dalili. Na shiga leƙen tukunya, ina shinshina ganye. Ban ga komai ba, rashin ganin ma ya fi tayar mini da hankali. Uwar mijinta da ta zo dubiya ba ta ɓoye ba: "Mi aka zuba ma ruwan ga?"

Da ƙafar dama ta daina motsi, aka kai ta babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce cikin sojojin da ke kare jiki akwai ƙwayoyin da ake kira B. Nata sun ruɗe, suna zuga saura a ci rigar jijiyoyinta. Ciki kan kwantar da su, bayan haihuwa su tashi. Ruwan zafi bai kawo cutar ba, tona ta yake yi. Za a yi mata ƙarin ruwa mai rage su, a kuma daina wankan.

Shi ma ban yarda da shi ba. A kashe masu gadi don gida ya zauna lafiya? Amma ta samu sauƙi, har tana takawa da sanda.

Da bakina na kai bayanin likita Kalgo. Dangin mijinta suka ce ai shi ke nan, an janye hannun tsohuwa, yarinya ta tashi. Na dawo raina a ɓace. Maganar ma ta riga ni isowa Gwandu.

Bara matar yayanmu ta haihu. Tun cikin yana wata takwas Gwaggo ke tara itace, amma aka ɗauko wata mata daga Dalijan ta yi wankan. Na sami Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kunne wajen makewayi.

"Ɗiyata," ta ce, "ruwan ga bai tafasa ba. Daga nan nika ji."