Guguwa da Siririn Magagari

Guguwa ake ce masa, domin lokacin da yake ji da ƙarfi duk inda ya bi sai ka tarar da itatuwa a kwance. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya saboda ƙarar inji, shi ya sa in yana yi maka magana sai ka ɗauka da wani na tsallaken titi yake. Tun yana saurayi ya shiga wani kamfanin katako, aka ɗora masa babban zarto mai inji a kafaɗa, irin wanda ke cin gungumen da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Da wannan zarto ya yi aure, ya gina ɗakunansa, ya aurar da 'ya'ya.

Amma abin da yake taƙama da shi ba sara ba ne, wasa sarƙa ne. Sarƙar zarto haƙora gare ta, kowane haƙori da 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya, kuma da mulmulallen magagari ake bin cikin lanƙwasar a dawo da kaifi. Guguwa ba ya ko kallo in yana yi. Hannu na gogawa, baki na ba da labari, ido na kan masu wucewa. Kamfani ne ke ba da sarƙa da magagari tare, kaurinsu ɗaya shekara da shekaru, don haka bai taɓa tsayawa zaɓe ba. A wurinsa magagari magagari ne, kamar yadda cokali yake cokali.

Sai kafaɗa ta ce ta gaji. Likita ya hana shi ɗaukar nauyi, ya bar aiki ya dawo gida, ya zama fitina. Matarsa mai ɗinki ce, Tela yake kiranta tun suna da ƙuruciya, kuma ga shi yanzu ya tsaya mata a ka yana gaya mata ɗinkinta ya karkace. Mutumin da ko maɓalli bai taɓa dasawa ba! Da abin ya ishi kowa, Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta zo da kwali da kuma magana. A kwalin ƙaramin zarto ne marar nauyi. Maganar kuwa, mijinta ya samar masa gadi a wani sito, kujera da inuwa.

"Baba, gwada wannan ɗan ƙaramin," in ji ta. "In jiki ya ƙi, don Allah ka karɓi kujerar, kada ka ja."

Ya ce ya ji. A ransa kuwa kujerar nan ya fi tsoro fiye da ciwon kafaɗar.

Da farko abu ya yi kyau. Sabuwar sarƙa ce, ya rage wa wannan reshe, ya yanka wa wancan itacen girki. Da ta fara dakushewa ya ɗauko tsohon magagarinsa mai kauri, ya bi ta yadda ya saba, yana hira da maƙwabci ta kan katanga.

Ana nan aka yi ruwa da iska, wata tsohuwar bishiya ta faɗi a lungunsu ta tare ƙofar mai burodi. Wa za a kira in ba Guguwa ba? Ya fito da safe, mutane suka yi da'ira, ya ja igiya inji ya tashi. Ya ɗora a kan gungume. Maimakon sassaƙe ya riƙa tashi, sai gari mai laushi da hayaƙi. Ya danna, kafaɗa ta amsa har cikin wuya. Ya kashe, ya sake wasawa a gaban jama'a, ya sake ɗorawa. Zarton na ihu, itacen ko a jikinsa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma dariyar aka yi da ya fi masa sauƙi. Mai burodi ya dafa shi ya ce, "Baba, bar shi haka, ka huta. Girma ne, kowa zai je." Ya ƙara da cewa gobe zai nemo wasu su zo su yi.

Washegari da hantsi Tela na kan kekenta a baranda, shi kuma yana tsugune da zarton tsakanin gwiwoyinsa, yana ta gurzar haƙoran a karo na ban san nawa ba, ba hira, ba tsokana. Can ya ajiye magagarin, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Tela, hannun ya tafi," in ji shi, a hankali, abin da ba ta saba ji daga bakinsa ba. "Kira Auta ki ce na karɓi kujerar."

Ta tsayar da keken. Ta san shi da ciwo, ta san shi da fushi, amma ba ta taɓa ganin ya sare ba, sai tausayinsa ya kama ta. Ta sauko ta leƙa.

"Yi in gani."

Ya goga sau ɗaya.

"Ni dai ban san aikinku ba, Malam, amma ƙarfen nan ba ciki yake shiga ba. A bisa yake zaune, kamar ƙato a kujerar yara."

"Ke da allura za ki koya mini wasa sarƙa?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Ungo, duba da kanka." Ta zare tabarau ɗinta, mai jan firam da 'yan duwatsu a gefe, ta maƙala masa a hanci.

Da ƙyar ya yarda ya sunkuya. Rabon da ya ga haƙorin sarƙa sarai haka har ya manta. Haƙoran wannan ƙanana ne, lanƙwasarsu matsattsiya, magagarinsa kuwa ya fi ƙarfinta. Kusan rabinsa a waje yake, alhali ɗan kaɗan ya kamata ya leƙo saman haƙori. Maimakon ya zurfafa ƙugiyar, shafe ta yake yi, har bakin kowane haƙori ya kwanta baya. Da hannunsa ya riƙa kashe sarƙar, kuma da gwaninta, domin duk haƙoran sun lalace daidai wa daida.

Ya ce, "A kwalin nan akwai wani siririn magagari. Na ce tsinken sakace ne na jefar."

"Ka jefar, na tsinta. Da shi nake tura kusurwar aljihu." Ta jawo durowar keke ta miƙa masa.

Ya sa shi a haƙori. Magagarin ya zauna ɗas, ɗan bayansa kawai ya leƙo. Da ya tura, sai ya ji ƙarfe ya ciji ƙarfe, wannan ɗan kukan da kunnensa mai lafiya ya sani tun yana saurayi. Gyaran ya ci shi lokaci, don sai da ya sake fitar wa kowane haƙori ƙugiyarsa, yana yi yana kallo kamar sabon shiga, jan tabarau a hanci. Wata mai kawo ɗinki ta shigo ta gan shi, ta juya ta rufe baki da gyale.

Rana ta take tsaka ya koma lungu. Waɗanda mai burodi ya kira ba su iso ba tukuna. Ya tada inji ya ɗora, bai danna ba, ya bar zarton ya ja kansa. Sassaƙe ya tashi manya-manya, farare, suna zuba a kan takalmansa, gungumen ya rabe biyu. Mai burodi ya leƙo ta taga da gari a hannu yana cewa, "A'a! Ashe da sauranka!" Kafin inuwa ta juya an buɗe ƙofar, maƙwabta na ta jan rassa.

Ya shigo gida da sassaƙe har cikin gashin kai. Tela ta kawo masa ruwa, ya shanye, ya zauna a bakin baranda yana murza kafaɗa. Ciwon na nan, amma na gajiya ne, irin wanda ya yi kewa.

"Kin kira Autar?"

"Ban kira ba."

"Wallahi na ɗauka na ƙare, Tela."

"Ni ma na ji tsoro," in ji ta. Ta shiga tsince masa kai. "Sai ka kira ta da kanka."

Ya karɓi wayarta. Auta na ɗagawa ya buɗe murya yadda har mai burodi sai da ya ji.

"Auta! Ki gode wa mijinki, Allah ya yi masa albarka. Amma ki ce ya ba wani tsoho kujerar nan, ni gobe ina da aiki."