Malam Sama'ilu da Lissafin da Babu Shanu a Ciki

Duk mai sammako a ƙasar Gwiwa ya san keken Malam Sama'ilu Na'Allah. Da ya idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya rataya jaka ya kama hanyar makaranta, yana tafe yana tsayawa. Nan ya tsinci 'ya'yan tsamiya, can ya karyo karan dawa. Mata masu zuwa rijiya har tsokanarsa suke yi, wai ko miya zai kaɗa wa yaran. Shi dai ya yi murmushi ya gaishe su ya wuce. Shekara talatin ke nan yana wannan hali, ga shi bana zai ajiye alli.

In ka wuce ta bayan ajinsa ba za ka ji ana rera "biyu sau biyu huɗu" kamar ana rabon faɗa ba. Zuba kayan jakar yake yi a kan tebur ya ce, "Me kuka gani?" Yaro ya ba da amsa, daidai ko kuskure, tambaya ɗaya ce ke jiransa: "Ta yaya ka sani?" Wasu malaman sun ce ɓata lokaci ne. To, bari a ba su labarin Haladu.

Shekara uku da samun 'yancin kai, lokacin da hakimai ke bi ruga-ruga suna karɓo yara don boko, aka kawo Haladu ɗan Jauro Daudu. Sau biyu yana maimaita aji biyu saboda lissafi. In aka tashe shi sai ya sunkuyar da kai ya yi gum, a zane shi, ya koma ya zauna. Hedimasta, Malam Lauwali, ya gaji. Ya ce ƙarshen zangon nan zai soke sunansa daga rajista, ya koma wa sandarsa ta kiwo.

A wannan zangon aka ba Malam Sama'ilu ajin. Sati biyu kawai ya yi ya lura da abin da ya ɗaure masa kai. In an raba 'ya'yan tsamiya, Haladu ke riga kowa gamawa. Amma da an je allo sai bakinsa ya mutu. Ashe malaman baya, wai don su sauƙaƙa wa ɗan Fulani, kullum lissafin shanu suke ba shi: shanu ashirin, kura ta kashe uku, saura nawa?

Ranar Asabar da la'asar Malam Sama'ilu ya hau keke ya nufi rugar su Haladu. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono. Suna cikin hira ya yi katoɓara, ya ce, "Jauro, garken nan zai kai nawa?"

Fuskar dattijon ta canza. Ya ce, "Malam, kai baƙo ne, shi ya sa. Mu ba ma ƙidaya shanu. Mai jangali ke ƙidaya su, kuma duk abin da aka sa wa lamba raguwa yake yi. Ɗana ma ya san in ya yi, ba zai kwana gidan nan lafiya ba."

Kunya ta kama Malam Sama'ilu har ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara biyu ana dukan yaro don ya ƙi saɓa wa ubansa, kuma ba wanda ya taɓa tako ƙafa ya tambaya.

Can sai ga garke ya dawo daga kiwo. Haladu ya tsaya a bakin shinge, kallo ɗaya ya yi ya ce wa ubansa, "Baffa, ƙaramar 'yar mai karyayyen ƙaho ba ta shigo ba." Aka bi sawu, aka same ta a bakin rafi.

Malam ya jawo shi gefe. "Haladu, ba ka ƙidaya ba. Ta yaya ka sani?"

Yaron ya yi ta murza gefen rigarsa, sannan a hankali ya ce, "Ai gida-gida suke, Malam. Kowace uwa da nata. In na dubi uwar, sai na ga inda babu."

Ranar Litinin aka wayi gari da sabon aiki a aji biyu. Malam ya zube 'ya'yan tsamiya a ƙasa ya ce Haladu ya kasa su gida-gida ya nuna wa 'yan'uwansa. Gida shida, kowane gida 'ya'ya huɗu, ga lissafin sau ya fito. A tattara a sake rabawa, ga rabawa ta fito. Yaran da suka haddace jadawali ba su san abin da suke faɗa ba, ran nan suka gan shi da idonsu, kuma daga hannun wanda suke kira daƙiƙi. Shanu kuwa ba su sake hawa allon ajin ba.

Ƙarshen zango Malam Lauwali ya shigo da rajista a hammata, ya ce shi da kansa zai gwada yaron da tambaya goma. Ya ɗauki alli ya fara rubuta, "Shanu arba'in da takwas..."

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Sama'ilu, "a taimaka a mayar da su damman gero."

"Haba Malam, lissafi ai lissafi ne."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa canjin ba zai rage komai ba."

Hedimasta ya harare shi, ya goge, ya rubuta gero. Haladu ya ci tara, ya faɗi ɗaya. Malam Sama'ilu bai gyara masa ba, cewa ya yi, "Akwai gidan da bai cika ba a nan. Nemo shi." Yaron ya ƙura wa allo ido, ya sa yatsa a kan kuskurensa, ya gyara. Malam Lauwali, Allah ya saka masa, mutum ne mai karɓar gaskiya. Ya rufe rajistarsa ya ce, "Wallahi mu ne ba mu iya ba." Haladu ya wuce aji uku, kuma daga nan bai sake maimaita aji ba.

Kai ne, Malam Sama'ilu, ka yi tafiyar mil bakwai a keke saboda shirun yaro ɗaya. Kai ne ka ji kunya a gaban Jauro, ba ka ce jahilci ne ba, ka koma ka gyara darasinka. Mai haƙuri da tambaya, uban masu jinkirin baki. Irin su Haladu da suka bi ta hannunka a Roni da Gwiwa, Allah kaɗai ya san yawansu.

Yau Haladu malamin dabbobi ne a Babura, makiyaya har daga tsallaken iyaka suke kawo masa garke. Ranar da aka yi taron sallamar Malam ya zo a kan babur ɗinsa, aka ba shi dama ya yi magana. Bai yi doguwa ba. Ya ce, "Jama'a, shekara biyu ana yi mini tambaya don a kama ni. Wannan bawan Allah shi ne ya fara tambayata don yana so ya sani." Ya koma ya zauna.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa. Ku kuma sababbin malamai da gwamnati ta ɗiba da yawa tun da aka buɗe karatun firamare kyauta, ga azuzuwa nan an cika muku maƙil da 'ya'yan manoma da na makiyaya. A kowane aji akwai wanda zai sunkuyar da kai ya yi shiru. Don Allah kafin ku kira shi daƙiƙi, ku ajiye bulalar, ku tambayi hanyar gidansu.