Badaru Mai Wanki da Ruwan Gonar Kifi

Badaru bai taɓa yin wata sana'a ba sai wanki. Tun yana saurayi yake gangarawa ƙoramar bayan garinsu, can kan hanyar Daura zuwa Baure, da ƙullin kayan mutane a ka. Ruwan ba shi da yawa, amma ko da rani ba ya ƙafewa, kuma garau yake, har yashin ƙasa ake hangowa. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma shi suke ba fararen kayansu, don ya iya bula, ya iya sitaci, kuma bai taɓa ƙona wa kowa riga da gawayi ba. Da wankin nan ya auri Hadijatu, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidan giyar wani Damian, mutumin kudu da ya daɗe a Daura har 'ya'yansa suka fi shi jin Hausa. Ya yi ta buga-buga, daga baya ya karɓi hayar fili sama da inda Badaru ke wanki, ya gina tankunan siminti, ya zuba tarwaɗa. Mutane suka ce madalla, ga halal ya kama.

Sai dai duk bayan 'yan kwanaki sai a buɗe bututu, a sako ruwan da kifin suka ɓata, kore shar, da kashinsu da ragowar abincinsu. Da farko ƙorama tana kwashewa ta wuce da shi. Da tankuna suka ƙaru, sai ta gaza. Gansakuka ta rufe bakin ruwa, kumfa ta kwanta a lunguna, ƙananan kifayen da aka saba gani suka ɗago ciki sama.

Badaru ya ƙara sabulu, ya ƙara ɗauraya, ya koma yin sammako kafin a buɗe bututun. Duk da haka wata Asabar Malam Ɗantsoho, wanda ya fi kowa daɗewa yana ba shi wanki, ya tare shi a ƙofar gida.

"Badaru, jiya a masallaci sai da na ji kunya. Rigar nan ƙarni take yi. Na kusa da ni har matsawa ya yi."

"Ruwan ne, Malam."

"Na sani. Amma ni zan sa rigar."

Bai ƙara aiko da kaya ba. Wasu ma ko maganar ba su yi ba, sai dai Badaru ya ga shiru.

Ya hau wurin Damian. Ya tarar da shi tsaye bakin tanki, ido ya faɗa, shi ma da gani ya gaji.

"Baba, ina zan kai shi? In ban sake ruwan ba, kifin mutuwa za su yi. An ce in bar waccan sana'a, na bari. Wannan ma in bari?"

Badaru ya wuce gidan dagaci. Ranar da aka zauna, ya yi zaton duk wanda ke taɓa ƙoramar zai tsaya masa. Sai ga ƙanensa Amadu, mai lambu a ƙasan ruwan, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, tun da ruwan nan ya fara zuwa ban sayi taki ba. Alayyafona bai taɓa yin kyau haka ba." Ya juyo, ya kasa haɗa ido da Badaru. "Yaya, ka yi haƙuri, ni ma iyali gare ni."

Sauran masu lambu suka gyaɗa kai. Aka yanke Damian ya haƙa rami, ruwan ya riƙa kwantawa kafin ya shiga ƙorama. Ya haƙa kuwa. Damina ɗaya ta cike shi da laka, ya tumbatsa. Ma'aikacin duba-gari ya zo, ya toshe hanci, ya ce zai kai magana gaba, ba a sake ganinsa ba.

Badaru ya ci gaba da gangarawa da ɗan abin da ya samu, yawanci kayan 'yan tebur da na masu facin taya. Ƙafafunsa suka fara ƙaiƙayi, tsakanin yatsu ya tsattsage. Hadijatu tana shafa masa man kaɗanya da yamma, wata rana ta ce, "Malam, ruwan nan ya ƙi ka. Ka bar shi haka."

Da gari ya waye bai ɗauki ƙulli ba.

Yanzu yana cikin Daura, gindin wata bishiyar darbejiya kusa da tasha, yana wankin hula da ruwan da 'yan garuwa ke kawo masa. Aikin zaune ne, bayansa na ciwo, idonsa ba ya ganin zare sosai. Amadu kan biyo ranar kasuwa ya ajiye masa ɗaurin alayyafo, su gaisa sama-sama. Badaru ya karɓa, ya tura ƙarƙashin benci, ya jawo wata hular.