Yadda Muka Sa wa Kada Rediyo

Duk wanda ya taɓa shiga motar Yaya Garba ya san yatsan nan nasa. Da ya murɗa makulli sai ya ɗaga manuniya sama, ya karkata kai kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti, ya ce, "Shiru. Tana magana." Daga nan har inda za ku, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye abinka. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, na fi shekara goma sha biyar ina haɗiye tari a motar nan, don haka ku bar ni in faɗi nawa.

Ga waɗanda ba su riske ta ba: ja ce, ƙirar Amurka, ƙofa biyu, hancinta ya fi ɗakin girkina tsawo. A hannun wani Bature injiniya da ya gama aikin ruwa zai koma gida Yaya ya saye ta, farkon shekarun tamanin, lokacin yana makanikin tarakta a ma'aikatar gona. Mutanen Haɗejiya suka sa mata Kada, saboda ta yi ƙasa-ƙasa ga faɗin baki. In ya tashe ta a ƙofar gida, har masunta a bakin kogi sun san Garba zai fita. Baturen nan ya cire rediyonsa ya tafi da shi, ya bar rami a gaban motar. Yaya ya mai da ramin ma'ajiyar goro. Wannan ramin shi ya hana mu sakat.

Matarsa, Yaya Hajara, ita ta fara magana. Ta ce mota kamar wannan a ce ko labarai ba a ji a ciki, abin kunya ne.

Ya ce, "Hajara, fulogi takwas ne a cikin injin nan, kowanne da muryarsa. Mutum takwas suna magana, ke kuma ki ce in gayyato na tara?"

Ta ce, "Ai na taran shi ne mai Hausa."

Ya ce, "Waɗannan ma Hausa suke yi. Ke ce ba kya saurare."

Da aka tashi kai 'yar ƙanenmu ɗakin mijinta a Kirikasamma, aka ce ai babu motar amarya sai Kada. Muka kwantar da kujerar gaba muka dunƙule a baya, ni da amarya da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, wadda duk garin nan babu mai guɗarta. Muna fita gari Gwaggo ta toshe hanci ta rangaɗa ɗaya. Ta ƙara ta biyu, muka kama waƙa. Sai kawai ya gangara gefen hanya a tsakiyar fadama, shinkafa dama shinkafa hagu, ya kashe mota, ya ciro goro daga ramin nan ya ɓare.

Gwaggo ta ce, "Garba, lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ku gama tukuna. Akwai wani ƙiƙi-ƙiƙi da nake bi tun daga gada, kun ɓatar mini da shi."

"Kai, biki fa ake yi."

"Ita ba ta san da biki ba."

Motocin 'yan rakiya duk suka wuce mu. Sauro na cin mu da rana tsaka, lallen amarya na narkewa da gumi. Sai da Gwaggo, mace mai jikoki, ta yi wa ɗan wanta alkawarin ba za ta ƙara buɗe baki ba, sannan ya tashi motar. Haka muka shiga Kirikasamma tsit, fuskoki a murtuke. Dangin ango suka taso da gudu, wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana salati, ta ce, "Wa ya rasu?"

Yaya ya ce, "Ba wanda ya rasu, Iya. Fanbel ne ya ɗan saki."

Gwaggo ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ranar da sojoji suka yi juyin mulki. Ina da cikin wata takwas, ya ɗauke ni da sassafe zai kai ni Jahun wajen surukaina. Hanya wayam, ko mai keke babu. Na ce, "Yaya, anya lafiya kuwa yau?" Ya ɗaga yatsa. Shi murna ma yake yi, wai yau ya samu hanya babu mai katse masa sauraro. Kafin mu kai Miga sai ga shinge, sojoji da bindigogi. Suka fito da mu suka zaunar a ƙasa, ni da tulun cikina.

Wani saje ya ce, "Malam, ba ka ji sanarwa ba? An ce kowa ya zauna a gida."

"A ina aka faɗa?"

"A rediyo mana."

"Ba ni da shi."

Sajen ya dubi motar tun daga hanci har wutsiya, ya ce, "Wannan ƙatuwar ba rediyo?"

Ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Sai na ga Yaya ya karkata kai, ya ɗaga wa saje mai bindiga yatsa. Wallahi ya ɗaga. Motar sojojin ce a kunne a gefe, ita yake saurare. Ya ce, "Ranka ya daɗe, fuloginku na uku ba ya ci. Ba za ta kai ku Kano ba." Na ce yau mun mutu. Amma sajen ya sa aka buɗe bonet, Yaya ya naɗe hannun riga, kafin rabin awa mota ta daidaita. Suka sallame mu har da ba ni ruwa a gora.

Da muka juyo na ce, "Ka gani ko? Da akwai rediyo da ba mu fito ba."

Ya ce, "Da ba mu fito ba wa zai gyara musu? Ke ba kya kishin ƙasa."

A ranar na yi rantsuwa sai an toshe ramin nan.

Sai da muka jira shekaru kafin dama ta samu. Aka tura shi kwas na sati guda a Kano, ya tafi a motar haya don wai hayaƙin Kano zai sa wa Kada mura. Muka haɗa kai ni da Yaya Hajara da Mista Bulus, mutumin Filato, wanda muke koyarwa tare a firamare, yana kuma gyaran rediyo ranar Asabar. Abokin darar Yaya ne, saboda haka da farko ya ƙi.

Ya ce, "Malama, ni baƙo ne a garin nan, ina da yara huɗu. In Malam Garba ya dawo ina zan sa kaina?"

Yaya Hajara ta ce, "Ka ce ni na sa ka."

Ya ce, "Ke zai yi wa shiru. Ni zai zo har gida ya yi mini bayanin injin."

Da ƙyar da kwanon bandar kifi muka shawo kansa. Ya sa rediyo mai cin kaset, da sifika biyu a baya, aiki tsaf, ya ma juye goron a leda ya rataye a madubi.

Yaya ya dawo, ya shiga mota, ya daɗe a ciki. Muna leƙe ta zaure. Ya fito ya ce, "An yi aiki mai kyau." Shi ke nan. Har ya je ya yi wa Mista Bulus godiya, ya kuma ari rakodarsa, wai akwai wani babba da yake so ya ɗauki muryarsa. Na ce wa Yaya Hajara, ashe tsufa na gyara mutum.

Ranar Lahadi za mu suna a Jahun. Na zo da kaset ɗin wa'azi, Yaya Hajara ta zo da na kalangu, Mista Bulus na gaba a matsayin mai aiki. Yaya ya ce, "Ku ajiye naku, yau ni zan yi muku." Ya zaro kaset daga aljihu ya tura, ya murɗe ƙara har ƙarshe.

Injin Kada ne. Ita ya ɗauka a rakodar. Ga na gaske yana ruri a gaba, ga na kaset yana ruri a bayan kunnuwanmu, har haƙorana na kaɗawa.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

"Kaset. Ba shi kuka ce kuna so ba? Wannan muryarta ce ta ranar Alhamis. Ku ji bambanci da ta yau, tun da na wanke kafireta."

Mista Bulus ya juyo a hankali ya ce, "Malama, ashe babban ke nan."

Har Jahun, fuskar kaset ta ɗaya da ta biyu. Kuma ba fushi yake yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Daɗi yake ji. Ya ce da ya san amfanin abin haka yake da tuni ya sa. Daga ranar duk canjin mai sai ya ɗauki sabon kaset, ya rubuta a jiki: "bayan damina," "hanyar Miga," "da sabon fulogi." Rakodar Mista Bulus ba ta ƙara komawa gida ba. Mu kuwa da muka nemi ƙari a kan shiru, muka samu injin biyu. Wa'azina bai taɓa shiga rediyon nan ba ko sau ɗaya.

Ya rasu ƙarshen shekarun casa'in, bayan jinyar kwana tara. Da Yaya Hajara ta fita takaba muka buɗe akwatinsa, sai ga kaset fal, a jere. Na ce a ba yara su ɗauki karatu a kai. Ta ce in sa mata ɗaya tukuna. Na sa, muka zauna a tabarma muna jin ruri, ina cewa a raina ko a kabari mutumin nan bai bar mu mun huta ba. Can wajen tsakiya sai ƙarar ta ɗan lafa, aka ji takun mutum, sannan muryarsa, ƙasa-ƙasa: "Hajara, matsa daga bakin salansa. Hayaƙin nan ba ya yi wa ƙirjinki daɗi."

Ta ce, "Mayar baya."

Na mayar. Sau huɗu na mayar mata, sannan ta karɓi kaset ɗin ta ƙulle a bakin zanenta.

Allah Ya ji ƙan Yaya Garba, Ya yafe masa, Ya yafe mana ƙorafin da muka yi ta yi a kansa. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Yaya Hajara haƙuri, Ya sada su a gidan da babu rabuwa. Amin.